Haƙƙin Majinyaci A Cikin Rubutun Kwalin Magani

Daga cikin tambayoyin da jama'a suka fi yawan yi wa masu aikin harhaɗa magunguna akwai wata wadda akan yi ta da sigar raha, alhali kuwa al'amarin da ke ƙarƙashinta mai nauyi ne ƙwarai, watau mece ce fa'idar 'yar takardar nan mai ƙananan baƙaƙe da ake ninkewa a cusa cikin kwalin magani, tun da likita ya riga ya rubuta, mai kemis kuma ya riga ya ce a sha biyu da safe biyu da dare. Waɗansu sukan ƙara da tambayar ko tilas ne ga mai sarrafa magani ya sa ta, ko kuwa ado ne kawai irin na 'yan kasuwa. Jawabi a taƙaice shi ne, rubutun da ke jikin kwali da takardar da ke cikinsa wajibi ne a dokar Nijeriya, ba a yi wa magani rajista sai hukuma ta duba su ta amince da lafazinsu, kuma duk wanda ya sayar maka da magani tsirara, ba suna, ba wa'adi, ba bayani, to ya tauye maka haƙƙi ko da maganin nagari ne. Amma da yake mas'alar tana bukatar tafsili, bari mu bi ta sannu a hankali, mu ga hikimar dokar, da abin da ta wajabta, da inda ake saɓa mata, kana mu zo ga abin da ya kamata mai saye da mai sayarwa su yi.

Hikimar wannan doka

Asalin hikimar shi ne magani ya saɓa wa sauran hajoji. Mai sayen gero yakan damƙa ya duba ko ƙwari sun ci, mai sayen yadi yakan murza ya ji kaurinsa, amma farar ƙwayar magani babu ido ko hanci ko harshen da zai iya rarrabe ta gaske da ta alli, balle ya gane miligiram 5 ke cikinta ko 50. Saboda haka ilmin mai saye game da abin da zai haɗiya bai wuce abin da aka rubuta masa ba. Malaman fiƙihu kuwa tun da daɗewa sun sharɗanta abin sayarwa ya zama sananne a jinsinsa da siffarsa da gwargwadonsa, suka hana cinikin garari da algus da ɓoye aibi, kamar yadda duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya sani. Littattafan hisba na da, irin na Shaizari wanda ya rayu a ƙarni na 12, har babi guda suka keɓe wa masu sayar da magunguna, suka ɗora wa muhtasibi binciken kayansu a kai a kai, domin algus ɗinsu a kan rai yake faɗawa. Dokar zamani ta zo ne ta bi wannan maslaha ta hanyar da ta dace da lokacin da magani ke fitowa daga masana'antun Indiya da Sin da Legas da Kano, wanda ya haɗa shi bai taɓa ganin wanda zai sha ba, wanda zai sha kuma ba shi da halin tambayar wanda ya haɗa.

Ƙasashen da suka riga mu tsara wannan al'amari musiba ce ta koya musu. A shekarar 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin salfa a cikin wani sinadari mai zaƙi da ake kira dayetilin gilaikol, irin wanda ake sawa a man birki, ya sayar ba tare da gwaji ba, mutum fiye da 100 suka halaka, da yawansu yara. A 1938 aka kafa dokar da ta wajabta tabbatar da amincin magani kafin a kai shi kasuwa, da rubuta yadda ake amfani da shi da gargaɗinsa a jikinsa. Sa'an nan talidomaid, wanda aka riƙa ba masu juna biyu domin laulayi daga 1957 zuwa 1961, ya zama sanadin haihuwar jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu, abin da ya sa Turai ta tsananta ƙa'idojinta, har a 1992 ta wajabta sa takardar bayani domin majinyaci kansa, Ingila ta game dukan magungunanta da wannan hukunci a 1999, daga baya kuma aka ƙara sharaɗin rubuta sunan magani da rubutun makafi a kan kwali, da sharaɗin a gwada takardar a kan mutanen gari a ga ko sun fahimce ta kafin a amince da ita.

Mu ma a nan gida ba mu tsira ba. A 1990 sirof ɗin farasitamol da aka haɗa da wancan sinadari mai guba ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa aka kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, da doka ta 15 ta shekarar 1993, aka kuma yi doka ta 19 ta wannan shekara, wadda ta hana sarrafa magani ko shigo da shi ko tallarsa ko sayar da shi sai an yi masa rajista. A zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, aka fitar da ƙa'idojin rubutun jikin magani na 2005, waɗanda aka sabunta a 2021. Duk da haka daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya yi ajalin yara 84, a 2022 kuma sirof ɗin tari ya kashe kimanin yara 70 a Gambiya. Mai hankali zai ce, to ai a duk waɗannan ba a rubuta guba a jikin kwalba ba, ina amfanin rubutun? Gaskiya ne rubutu ba ya hana maha'inci ha'inci, amma shi ne ya ba hukuma damar ambaton sunan maganin da kamfaninsa a rediyo, a bi shaguna a kwashe, a kuma gurfanar da masu laifi gaban alƙali. Uwar da aka tsiyaya wa sirof a wata kwalba marar suna kuwa, ko ta ji sanarwar da kunnenta, ba ta da hanyar sanin cewa abin da ake cigiya yana ɗakinta.

Abin da doka ta wajabta a jikin kwali

Na farko shi ne suna, kuma suna biyu ne: na kasuwa, wanda kamfani ya raɗa ya rubuta da manyan baƙaƙe, da na asali, watau sunan sinadarin da ke yin aikin, wanda yake ɗaya ne a duk duniya. Na asalin shi ne abin lura. Panadol, alal misali, sunan kasuwa ne, abin da ke cikinsa farasitamol ne, wannan farasitamol ɗin kuwa yana cikin mafi yawan magungunan mura da na ciwon jiki. Saboda haka mutumin da ya sha na ciwon kai, ya ƙara da na mura, ya bi da na ciwon gaɓoɓi, yana zaton magani uku ya sha, alhali abu guda ya maimaita sau uku, iyakar abin da hantar baligi ke ɗauka lafiya kuwa giram 4 ne a yini da kwana, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500.

Na biyu shi ne ƙarfin magani da siffarsa, ƙwaya ce ko kafso ko sirof ko allura, da adadin abin da ke cikin kwalin. A nan ne kuskure ya fi yawa, domin magani guda yakan zo da ƙarfi iri-iri a kwalaye masu kama da juna. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atimita da lumefantirin yana zuwa da ƙarfin 20/120, wanda baligi ke shan ƙwaya 4 a kowane karo, yana kuma zuwa da ƙarfin 80/480, wanda ƙwaya 1 ta wadatar. Wanda ya saba da na biyun, in aka ba shi na farkon ya ci gaba da shan guda ɗaya, rubu'in magani ya sha, zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo, ya ce maganin jabu ne. Haka farasitamol na jarirai da ake ɗigawa ya ninka na sirof ƙarfi wajen sau huɗu, idan aka auna shi da ma'aunin sirof sai a yi wa jariri illa. Wani lokaci ma adadin da aka rubuta shi kansa hujja ne a kan mai sayarwa: taramadol ɗin da hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, duk wanda ka gani an rubuta 225 ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Na uku shi ne sunan kamfanin da ya sarrafa da cikakken adireshin masana'antarsa, domin a san wanda za a kama in abu ya ɓaci. Kwalin da aka rubuta sunan ƙasa kawai, ba gari ba unguwa, abin tuhuma ne. Na huɗu lambar zubi, wadda akan rubuta bayan haruffan BN ko LOT, ita ce ke nuna a wane karo aka sarrafa wannan maganin, kuma da ita ake janye zubin da ya gurɓata ba tare da an taɓa sauran ba. Na biyar ranar sarrafawa, bayan MFG, da ranar ƙarewar wa'adi, bayan EXP. Idan wata da shekara kaɗai aka rubuta, kamar 06/2027, to wa'adin yana kaiwa ranar ƙarshe ta watan Yuni na wannan shekara. Sai dai a sani wannan wa'adi na maganin da ba a buɗe ba ne. Garin maganin ƙwayoyin cuta na yara da ake zuba wa ruwa, daga ranar da aka dama shi galibi mako ɗaya gare shi, waɗansu biyu, bisa ga abin da aka rubuta. Maganin ɗigawa a ido kuwa akan zubar da shi bayan mako huɗu da buɗewa, ko da kwalbar ba ta yi rabi ba.

Na shida lambar rajistar NAFDAC, wadda ake ba kowane magani tasa, takardar shaidarta kuma shekara 5 take yi a sabunta. Na bakwai sharaɗin ajiya. Mafi yawan magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, irin su insulin da alluran rigakafi kuwa tsakanin digiri 2 da 8 a firji. Wanda ya san zafin Sakkwato da Maiduguri da Kano a watan Afrilu, inda ma'auni kan haura 40, ya san cewa maganin da ya yi bazara a ƙarƙashin kwanon shago, ko a gaban mota, ko a farantin mai talla, yana iya mutuwa tun wa'adinsa bai zo ba. Na takwas yadda ake amfani da shi, da gargaɗi, da tanbihin a nisanta shi daga yara. Ƙa'idar ta ce a yi dukan wannan da Turanci, a rubuce sarai yadda ba zai goge ba, tare da izinin ƙara waɗansu harsuna. Saboda haka maganin da ya ƙetaro iyaka da Faransanci ko Larabci ko rubutun Sin kaɗai, ba shi da rajista a Nijeriya, komai kyan kwalinsa. Katin da ƙwayoyin ke jere a ciki shi ma wajibi ne ya ɗauki suna da ƙarfi da lambar zubi da wa'adi, su kuma dace da na kwalin. In suka saɓa, an yi musaya a hanya. Wanda ya karya waɗannan ƙa'idoji hukuncinsa tara ne ko ɗauri ko duka biyun, tare da ƙwace kayan.

Takardar da ke ciki

Kwali ba shi da filin da zai ɗauki dukan abin da majinyaci ke bukata, shi ya sa aka wajabta takardar ciki, wadda galibi akan tsara ta kashi shida: mene ne maganin kuma wace cuta yake yi wa aiki, abin da ya kamata ka sani kafin ka sha, yadda ake sha, illolin da kan iya biyo baya, yadda ake ajiya, da jerin dukan abin da aka haɗa shi da shi. Mai gaggawa, in ba zai karanta duka ba, to lalle kada ya tsallake kashi na biyu, domin a nan ake ambaton waɗanda maganin ya haramta gare su: mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙaramin yaro, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ko salfa. A nan mai gyambon ciki zai ga cewa ibufurofen da daikulofenak, waɗanda ake sha kamar gyaɗa domin gajiyar aiki, suna iya sa cikinsa ya yi jini. A nan kuma ake bayyana abin da ba a haɗa maganin da shi, wannan kuwa ba a gane shi da ƙiyasi, domin maganin zazzaɓin da muka ambata yana son a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya ratsa jiki, alhali sifurofuloksasin da tetirasaikilin madara da nono suna rage musu ƙarfi.

Kashi na uku yana warware abin da kalmar mai kemis ta taƙaita. "Sau uku a rana" a maganin ƙwayoyin cuta ma'anarta kowace awa 8, ba wai a tara su tsakanin karin kumallo da la'asar ba, wannan kuwa abin tambaya ne ga likita kafin azumi ya kama, ko za a iya sauya shi da wanda ake sha sau biyu ko sau ɗaya. "Cokali ɗaya" ma'anarsa mililita 5 da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, domin cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. A nan ake faɗin kwana nawa za a yi ana sha, da abin da za a yi in an manta karo guda, da abin da za a yi in an zarce ƙima.

Kashi na huɗu shi ne wanda ke tsorata mutane, har waɗansu su ajiye maganin hawan jini ko na sukari don sun ga dogon jerin illoli. Haƙiƙar al'amari ita ce doka ta tilasta wa kamfani ya ambaci duk abin da aka taɓa gani, mai yawan aukuwa da nadiri, akan kuma jera su daraja-daraja: wanda ke samun fiye da mutum 1 cikin 10, da wanda bai wuce 1 cikin 10 ba, da 1 cikin 100, da 1 cikin 1,000, har zuwa 1 cikin 10,000. Manufar ita ce ka san abin da za ka yi haƙuri da shi, kamar ɗan jiri ko tashin zuciya na kwana biyu, da abin da ba a kwana da shi, watau kumburin fuska ko leɓe ko harshe, da sarƙewar numfashi, da ƙuraje masu ɗurar ruwa ko saɓar fata tare da gyambon baki da jan ido. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya dakatar da maganin nan take ya nufi asibiti, da kwalin a hannunsa.

Inda gizo ke saƙa

Idan aka duba da idon basira za a ga cewa dokar tana cika a masana'anta, sa'an nan ta warware a kan teburin mai sayarwa. Mutum yakan shiga kemis ya ce, "Malam, haɗa mini na zazzaɓi da ciwon jiki," a ɓalle masa ƙwayoyi kala biyar a ƙulle a leda, ja da fari da rawaya, ya fita bai san sunan ko ɗaya ba. In ya warke bai san abin da ya warkar da shi ba, in jikinsa ya ƙi karɓa likita ba shi da hanyar sanin wanne ne ya jawo, shi kuma ba shi da hanyar guje masa nan gaba. Wani yakan sayi rabin kati, a yanka masa da almakashi, wa'adin ya tafi tare da ɗaya rabin. Kwalin da ke ɗauke da kati goma takarda ɗaya ce a cikinsa, ta wanda ya sayi na ƙarshe ce, in ma ba a yar da ita ba. Ba a musun cewa rashin kuɗi ne ke sa talaka sayen kaɗan-kaɗan, amma rashin kuɗi ba ya kayar da wajibin bayani daga kan mai sayarwa. Lasisin ƙananan kemis ma, wanda hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna, PCN, ke bayarwa, izini ne na sayar da magungunan da ba su bukatar takardar likita, a cikin mazubinsu na asali kamar yadda kamfani ya rufe su. Sayar da magani a kasuwa da tasha da bakin titi da cikin motar haya kuwa, dokar jabun magunguna ta 1999 ta haramta shi ƙarara.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Takardar da aka rubuta da Turancin likitoci, da baƙaƙen da ko mai ƙuruciya sai ya ƙanƙance ido, ta sauke wajibin doka, amma ba ta isar da saƙo ga dattijuwar da karatunta na ajami ne, ko manomin da bokonsa na Hausa ne. Matsala ta uku maganin gargajiya na kwalba da na leda. Wanda hukuma ta sa a jerinta lambarsa takan ƙare da harafin L, ma'anar wannan kuwa an gwada an ga ba ya cutarwa in an bi ƙa'ida, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka ce ba, shi ya sa aka wajabta rubutawa a jikinsa cewa NAFDAC ba ta tantance da'awar ba. Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta kuma hana tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da cututtuka irin su daji da sukari. Kwalbar da aka jera wa cuta ashirin a jikinta ta riga ta ba da shaida a kan kanta.

Abin da ya kamata a yi

Ya kai mai saye, ka sayi magani a inda ka ga lasisi a rataye, kuma kafin ka miƙa kuɗi ka karɓi kwalin ka juya shi, ka nemi abu biyar: sunan asali, da ƙarfi, da wa'adi, da lambar zubi, da lambar NAFDAC. In ka ga an kankare wa'adi, ko an liƙa wata takarda a kansa, ko hatimin kwalba a karye, ka mayar. Ka sani maha'inta suna buga lambar ƙarya, don haka in maganin mai tsada ne ko na doguwar jinya, ka sa a duba maka shi a kundin magungunan da hukumar ta yi wa rajista, wanda ta sa a intanet da sunan Greenbook. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta da yawa suna ɗauke da wani ɗan fili da ake kankarewa kamar katin waya, tsarin da aka fara a 2010. Ka kankare, ka aika lambar ta saƙon waya zuwa inda aka nuna a jikin kwalin, kyauta ne, amsa za ta zo maka kana tsaye a shagon. Wannan taka-tsantsan ba waswasi ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci.

In ƙarfinka bai kai sayen kwali guda ba, ka roƙi a yanka maka ɓangaren katin da ke da suna da wa'adi, ko a rubuta maka su a ambulan. Ka nemi a nuna maka takardar ciki, ka ɗauki hotonta da na kwalin da waya. In a asibiti aka ƙirga maka ƙwayoyi, kada ka bar tagar sai an rubuta a kowace ambulan sunanka, da sunan maganin, da ƙarfinsa, da yadda za ka sha, da kwanan wata; zane biyu da safe zane biyu da dare bai wadatar ba. Kada ka karɓi haɗin da ba a gaya maka sunan kowace ƙwaya a cikinsa ba. Ka faɗa wa mai ba ka magani, ko bai tambaya ba, in akwai juna biyu ko shayarwa, da sauran magungunan da kake sha, har na gargajiya, da duk wanda ya taɓa yi maka illa. In ba ka karanta Turanci, babu kunya a cikin cewa, "Don Allah karanta mini, ka fassara mini," sa'an nan ka maimaita masa abin da ka fahimta don ya gyara maka. A gida kuma ka sa ɗa ko jika ya rubuta maka ƙa'idar shan da Hausa, da boko ko da ajami, a jikin kwalin. Ka bar magani cikin mazubinsa tare da takardarsa har ya ƙare, a wuri mai sanyi da yara ba sa kaiwa, kada ka juye shi a wata kwalba, kada kuma ka ba maƙwabci ragowar naka don ciwonku ya yi kama. In magani ya yi maka illa, ka gaya wa likita ko masanin harhaɗa magunguna ya cika takardar rahoto mai launin rawaya zuwa ga NAFDAC, domin da irin waɗannan rahotanni ake gano mugun zubi kafin ya yi ɓarna mai yawa.

Ku kuma 'yan'uwa masu kemis, ku tuna cewa wanda ya tsaya gabanku bai san komai game da hajarku ba sai abin da kuka gaya masa, wannan kuwa ita ce amana a mafi nauyin surarta. Ku daina haɗi, ku ajiye takardar kowane kwali inda mai sayen kati ɗaya zai iya gani, ku riƙa bin kantocinku kowane wata kuna fitar da abin da wa'adinsa ya ƙare, ku sayi kaya daga dillalai masu rajista da rasiɗi mai lambar zubi, wanda ya zo da abin da ya fi ƙarfin lasisinku kuma ku tura shi asibiti. Kamfanonin da ke cin kasuwar Arewa, tun da ƙa'ida ta ba su izinin ƙara harshe, babu abin da ya hana su buga muhimman gargaɗi da Hausa sai rashin wanda ya nema; ya kamata hukuma da sarakuna da malamai da gidajen rediyo su nema, su nace, har ya zama al'ada, in ya yiwu ya zama sharaɗi.

Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su, neman magani kuma sababi ne da aka umarce mu da riƙo, riƙon sababi kuwa ba ya cika da jahiltar abin da ake haɗiya. Saboda haka, jama'a, kada wanda ya ƙara sha, ko ya ba ɗansa, maganin da bai san sunansa da ƙarfinsa da wa'adinsa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da basira.